Me ya sa tsoho ke ruɗewa bayan an yi masa tiyata?

A unguwarmu ta Kasalgu, nan Tamale, akwai wani dattijo maƙwabcinmu, ya haura shekara 70, da aka yi wa aikin gwaiwa bara. Aiki ya yi kyau. Amma da ya farka sai ya riƙa kiran 'yarsa da sunan matarsa da ta rasu, cikin dare kuma ya ce a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. Nan da nan aka fara ƙus-ƙus, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu. Bayan kwana huɗu hankalinsa ya dawo garau.

Likitoci sun san wannan ruɗewa, kuma maganin barcin da ake shaƙa wa mara lafiya yana cikin abubuwan da suke dubawa.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce kawai na nauyin jiki, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Ba ta da rumbu, sukari da iskar oksijin da jini ke kawo mata su ne abincinta na kowane minti. Maganin shaƙa irin su isofluren yana bi ta huhu ya shiga jini ya isa gare ta, sai ya rage mata aiki. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cin sukarinta kan ragu da kusan rabi, kamar an zare itace daga murhu.

Murhun yaro da an hura ya kama. Na tsoho fa, sai an yi haƙuri, domin 'yan injinan da ke cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu mayar da sukari ƙarfi sun riga sun gaji. A 2003 da 2004 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun shaƙa wa tsofaffin ɓeraye irin wannan magani, ba tare da an yanka su ba. Makonni bayan haka, ɓerayen na ta kuskuren hanyar abinci a cikin akwati mai lunguna.

A wajen mutane ma an gwada. Mujallar Lancet ta buga wani bincike a 1998 kan marasa lafiya fiye da 1,200 'yan shekara 60 zuwa sama. Mako ɗaya bayan babban aiki, kusan ɗaya cikin huɗu na fama da mantuwa. Bayan wata uku, saura ɗaya cikin goma. Wahalar aikin kanta, da zafin ciwo, da rashin barci duk suna da hannu. Shi ya sa masu ba da maganin ke rage shi gwargwadon shekaru: daga 40 zuwa sama, buƙatar jiki na raguwa da kusan kashi 6 cikin 100 a duk shekara goma.

To, kada wannan ya sa a hana tsoho aikin da zai ceci ransa. Kafin a shiga, a faɗa wa likita in Baba ya fara mantuwa, a kuma lissafa duk magungunan da yake sha, har da jiƙo da sassaƙe. In ya farka, a ba shi tabaransa, a bar fuskar da ya sani kusa da shi, a riƙa tuna masa rana da wurin da yake. In ya ruɗe, ma'aikatan jinya za a fara sanarwa, ba 'yan unguwa ba.