Haɗaka ko kamfanin kai: Yadda tsoron binciken haraji ya jefa ma'aikatan kwangila na Birtaniya cikin tsaka mai wuya

A watan Disamba na 2006, Baitulmalin Birtaniya ta fitar da wata takarda da ta hana dubban ƙwararrun ma'aikata barci. Takardar ta sanar da cewa daga ranar 6 ga Afrilu, 2007, za a rufe ƙofar da suka daɗe suna bi wajen rage haraji. Hakan ya bar musu wata huɗu kacal su yanke shawara: ko su zauna a kamfanonin haɗaka su koma biyan cikakken harajin albashi, ko kowa ya buɗe kamfanin kansa mai rajista ya ɗauki kasadar fuskantar masu binciken haraji shi kaɗai.

Waɗannan mutane ba irin 'yan kwangilar da aka sani a nan ba ne, masu gina hanya ko kawo kayan ofis. Injiniyoyi ne da masana kwamfuta da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na gine-gine, waɗanda ake ɗauka aikin wata uku ko shida ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata. Ba su da hutun shekara daga mai aikin, ba su da fansho daga gare shi, kuma ranar da kwantiragi ya ƙare sai neman wani.

Asalin rigimar

Tushen maganar shi ne bambancin da dokar Birtaniya ta yi tsakanin albashi da ribar hannun jari. A kan albashi ana cire harajin kuɗin shiga, sannan a cire kuɗin inshorar ƙasa. A shekarar haraji ta 2006 zuwa 2007, ma'aikaci yana biyan kashi 11 cikin ɗari na wani kaso na albashinsa a matsayin wannan inshora, wanda ya ɗauke shi aiki kuma yana biyan kashi 12.8. Ribar hannun jari kuwa babu kuɗin inshora a kanta ko kwabo. Don haka duk wanda ya iya mayar da ladan aikinsa riba, ya tsira da kuɗi masu kauri.

Gwamnati ta fara yunƙurin toshe wannan kafa tun 1999, lokacin da Gordon Brown yake ministan kuɗi. Dokar da ta fara aiki a Afrilun 2000 ta shahara da suna IR35, wato lambar sanarwar da hukumar haraji ta fitar a kanta. Manufarta ita ce: idan mutum ya sa kamfani a tsakaninsa da mai aiki, amma a zahiri zamansu zaman ma'aikaci da ubangida ne, to harajin ma'aikaci zai biya. Ƙungiyar da 'yan kwangilar suka kafa a 1999 don yaƙar dokar ta kai ƙara kotu, ta sha kaye har a kotun ɗaukaka ƙara a ƙarshen 2001.

Abin da haɗaka ta yi alkawari

A cikin wannan yanayi na fargaba kamfanonin haɗaka suka yi kasuwa. Wani mai shirya tsari zai tara ma'aikata goma zuwa ashirin waɗanda ba su san juna ba, ya zuba su cikin kamfani ɗaya, ya ba kowa nasa rukunin hannun jari. Kuɗin aikin kowa zai shigo asusun da mai tsarin yake riƙe da shi. Daga nan sai a biya ma'aikaci albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi, wanda a ƙarshen 2006 bai wuce fam 5.35 a awa ba, ragowar kuma a miƙa masa da sunan riba, bayan mai tsarin ya cire lada.

Daɗin abin shi ne ma'aikaci ba darakta ba ne, ba ya cike takardu, ba ya neman akanta. Nasa kawai ya aika da lissafin awannin da ya yi, kuɗi su faɗo ƙarshen mako. Baitulmali ta ƙiyasta cewa masu aiki a ƙarƙashin irin waɗannan tsare-tsare sun tashi daga kusan 65,000 a shekarar 2002 zuwa 2003, sun kai 240,000 a 2005 zuwa 2006.

Hukumar haraji, wadda aka haɗe da kwastan a 2005 ta zama HMRC, ta rasa yadda za ta yi da su. Dokar IR35 tana buƙatar a bi kowane kwantiragi ɗaya bayan ɗaya. Idan ma an gama binciken an tabbatar da bashi, sai a tarar kamfanin ba shi da kadara ko ɗaya. Mai tsarin ya rushe shi, ya kwashe ma'aikatan zuwa sabo. Dokar 2007 ta yi maganin wannan ta hanya biyu. Ta ce duk kuɗin da ma'aikaci ya karɓa daga kamfanin da wani yake gudanarwa a madadinsa albashi ne, ba sai an duba kwantiragi ba. Ta kuma ba hukumar ikon ɗora bashin kamfanin a kan darakta, da mai tsarin, da wasu da suka taimaka aka shigar da mutum ciki.

Nauyin da ke kan mai kamfanin kansa

Ɗaya zaɓin shi ne mutum ya yi rajistar kamfaninsa, ya zama darakta, ya riƙe asusun banki da hannunsa, ya miƙa bayanan shekara, ya yanke wa kansa albashi da riba. A nan sauƙin haraji yana nan, sai dai takobin IR35 yana rataye a kansa. Kotunan Birtaniya suna auna lamarin da sikelin da wata shari'a ta 1968 ta kafa: wa yake iko da yadda ake aikin, da lokacinsa da wurinsa? Shin mutum zai iya turo wani ya yi a madadinsa? Shin wajibi ne a ba shi aiki, kuma wajibi ne ya karɓa?

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tsawon hannun hukumar. Tana iya komawa baya shekara huɗu, ko shida idan ta ga sakaci, ko ashirin idan ta ga ganganci, ta haɗa da kuɗin ruwa da tara. A 2008 babbar kotu ta tabbatar da bashin kusan fam 99,000 a kan wani ƙaramin kamfanin mutum ɗaya mai suna Dragonfly Consultancy. Amma hukumar ma takan faɗi. A Yulin 2007 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ba wasu ma'aurata masu kamfanin Arctic Systems gaskiya a kan yadda suke raba riba a tsakaninsu. A 2023 kuma tsohon ɗan ƙwallo Gary Lineker ya yi nasara a ƙarar da aka nemi fam miliyan 4.9 daga gare shi.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu son cin tudu biyu. Da dokar 2007 ta ƙarato, wasu masu tsari sun yi wa kowane ma'aikaci rajistar kamfani na daban, suka sa sunansa a matsayin darakta, amma suka ci gaba da juya kuɗin da tsara yadda za a biya shi. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Christianuyi, ta goyi bayan HMRC cewa irin wannan kamfani yana ƙarƙashin dokar 2007, ko da takardun rajista sun nuna mutum ɗaya ne mai shi. Sun gudu daga gara, sun faɗa gidan zago. Masu neman kwanciyar hankali kuwa sun koma kamfanonin lema, inda ake cire cikakken haraji daga albashi kafin ya iso hannu.

Da wuta ta iso ofisoshin gwamnati

A 2012 aka gano cewa shugaban hukumar ba ɗalibai rance ana biyansa ta hanyar kamfani, ba ta jadawalin albashi ba. Binciken da Baitulmali ta yi bayan haka ya gano fiye da mutum 2,400 masu babban samu da ke aiki a ma'aikatu da hukumomin gwamnati a wajen jadawalin albashi. Daga Afrilun 2017 aka juya nauyin: ma'aikatar gwamnati da ta ɗauki ɗan kwangila ita za ta tantance matsayinsa na haraji. A Afrilun 2021 aka faɗaɗa tsarin zuwa matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu.

Kuskuren tantancewa ya zo da tsada. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ta biya HMRC fam miliyan 87.9 saboda ta sa 'yan kwangila a rukunin da ba nasu ba, kuma ma'aikatar cikin gida da ta shari'a su ma sun biya miliyoyi. Kuɗin jama'a ne ya fita daga aljihun gwamnati ya shiga wani aljihunta, amma kasafin ma'aikatun ne ya ji a jika, kuma jami'an da suka sa hannu su aka nema su yi bayani.

A Najeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar ƙaramin kamfani a hukumar CAC, kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sake fasalin yadda ake tara kuɗin shiga. Jami'in da ke shirya takardar ɗaukar mai ba da shawara a wata ma'aikata a Abuja, da wanda ake ɗauka ta hanyar kamfaninsa, dukansu suna da abin dubawa a tarihin Birtaniya. A can, abin da kotuna suka riƙa tambaya shi ne wa yake ba da umarni a wurin aiki, wa kuma yake riƙe da asusun kuɗi. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ce ta nuna wanda zai biya bashin, sau da yawa shekaru bayan an kashe kuɗin.