Waƙar Tsufa: Daga The Cure Zuwa Situdiyoyin Titin Zoo

Daga nan unguwar Daurawa a Kano shirin namu na musamman yake zuwa muku, kuma yau za mu tsaya ne a kan waƙar da mawaƙi ke yi bayan furfura ta rufe masa kai.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna The Cure ta fitar da faifanta Songs of a Lost World. Kafin nan, rabonta da sabon faifai tun 2008, shekara 16 ke nan. Ƙungiya ce da ta taso a garin Crawley, ta fitar da faifan farko a 1979, ta kuma shahara da irin kiɗan gitar nan mai nauyi da alhini da ake kira gothic rock. Jagoranta Robert Smith yana da shekara 65 lokacin da faifan ya fito.

Waƙoƙi takwas ne kacal, an ɗauke su a situdiyon Rockfield da ke yankin Wales. A shekarun da faifan ke kan aiki, Smith ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa da yayansa, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin ta'aziyyar yayan nasa ce. Ta ƙarshen ta haura minti 10; sai makaɗa sun yi fiye da rabinta suna kiɗa zalla kafin ya buɗe baki. Bai yi ƙoƙarin kwaikwayon samari ba, bai gaggauta kiɗan don ya shiga TikTok ba. Duk da haka faifan ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Birtaniya, abin da ƙungiyar ba ta samu ba tun faifanta Wish na 1992.

To, mu dawo gida. Ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano nan a kan titin Zariya, kusa da mu. A nan Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Kamfanin EMI ya buga masa fayafayai a zamanin ƙarfinsa, amma mafi yawan abin da ke yawo a hannun jama'a ɗaukar gidajen rediyo da talabijin ne, da ta wuraren biki, an kwafa daga kaset zuwa kaset har kalangu ya dusashe. Hajiya Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos ya bi ta a 2015 da kuntiginsa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar tsohon mawaƙi. Mukan gayyace shi taro, a ba shi lambar yabo, a ce ya maimaita waƙar da ya yi shekara 30 da suka wuce. Da wuya ka ji an tambaye shi abin da ke ransa yau. Alhali mutumin da ya binne 'yan amshinsa, ya ga iyayen gidan da ya wasa sun kwanta dama ɗaya bayan ɗaya, yana da maganar da ɗan shekara 25 ba shi da ita komai zaƙin muryarsa. Muryar ma, in ta dishe, akwai nauyin da take ɗauka wanda na'ura ba ta iya ƙirƙira.

Kayan aiki kuwa ba su ne matsalarmu ba. Daga Gyaɗi-Gyaɗi ka gangara titin Zoo, situdiyo ne birjik, suna ɗaukar waƙoƙin fim da na aure da na siyasa dare da rana. Kusan duka da fiyano da kwamfuta ake haɗa kiɗan. Kalangu da kotso da gurmi da ƙwarya suna buƙatar ɗaki mai faɗi, da makirfo da yawa, da haƙurin zama da dattijon da ba ya son a katse shi a tsakiyar baiti. Wannan haƙurin ne ya yi mana ƙaranci.

Don haka kiranmu ga masu situdiyo da attajiran Kano da gidajen rediyonmu: akwai tsofaffin makaɗa da ransu a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Ku nemo su, ku biya su haƙƙinsu, ku ba su lokaci su yi sabuwar waƙa, a ɗauke ta da kyau da sunansu a kai. Masu sauraro, in akwai irinsu a unguwarku, ku sanar da mu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.