Goron Dare da Agogon da ke Jikinmu

Idan Sallah ta gabato, telolin cikin birnin Kano ba sa rufe shago. Keke na ƙara har kiran asalatu, ga goro a baki, ga kofin Nescafé daga teburin mai shayi, wani ma ya ɗora da lemon ƙara kuzari. Sallah ta wuce, sai ka ji kuka: da dare barci ya ƙi zuwa, da hantsi ido ya ƙi buɗuwa. Agogon jiki ne aka karkatar.

Agogon nan gaskiya ne. A 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda gano yadda yake aiki, ta binciken wasu ƙananan ƙudaje. Akwai ƙwayar gado mai suna period da ke sa jiki ya haɗa wani furotin, ya taru da dare, ya ragu da rana, zagaye guda cikin kusan awa 24. Hasken da ido ke gani shi ke saita babban agogon da ke ƙwaƙwalwa, sauran gaɓoɓi su bi.

Sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi, yana taɓa wannan tsari. A 2015 masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka sun ba mutane kafeyin daidai da kofi mai ƙarfi awa uku kafin kwanciya, sai fitowar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, ta makara da kimanin minti 40. Wanda ya maimaita haka mako guda, ina zai sami barcin bayan isha'i?

Ban ce a bar goro ba. Tun zamanin da fatake ke kawo shi daga Gwanja zuwa Kasuwar Kurmi muke ɗaurin aure da raɗin suna da shi. Lokacin cinsa nake ji.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙwayoyi irin su methamphetamine. A gwajin ɓeraye an ga suna sauya aikin ƙwayoyin gadon agogo, har dabbar ta daina bin dare da rana.

Ɗan'uwa, bayan la'asar ka ajiye goro da kofi, da safe ka fito rana ta taɓa ka. Wanda ƙwaya ta raba shi da barci, a kai shi asibiti.