AKWATIN KIƊA MAI BLUETOOTH: A DUBA KAMIN A SAYA

Ƴan uwa, bayan kaka samari da yawa suna saida gero ko wake su sayi babban akwatin kiɗan nan mai marataya, wanda ake haɗawa da salula ba tare da igiya ba. Wannan haɗi shi ake kira Bluetooth. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994. In salula ta yi nisa da akwatin fiye da kamar mita 10, kiɗa yakan riƙa yankewa.

Ga inda ake cutar mai saye. A jikin kwali sai ka ga an rubuta wat 2000 ko 3000, da harufa PMPO. Wannan lissafin talla ne. Ƙarfin gaskiya shi ne mai harufa RMS, kuma sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Wani ɗalibina na yaƙi da jahilci ya karanta kwalin da kansa ranar kasuwa, ya maida kuɗinsa aljihu. Karatu ya yi rana!

Batirinsa ba ya son zafi, kada a bar shi cikin rana.

Sai maganar kunne. Ana auna ƙara da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana jure desibel 80 har awa 40 a sati, amma desibel 100 minti 20 kaɗai. Manyan akwatunan suna kai wa can in an ƙure su. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ko an je likita. Ranar buki, a janye yara da masu goyo daga bakin akwatin.