Yadda manoman Italiya suka rasa sunan giyarsu a kotun Turai

A ƙarshen watan Maris na 2007 wa'adin da aka bai wa manoman inabi na yankin Friuli, a arewa maso gabashin Italiya, ya cika. Daga ranar, doka ta hana su rubuta "Tocai" a jikin kwalaben farar giyar inabin da suka gada kaka da kakanni. Gonakin suna nan, inabin bai canza ba, amma sunan da kasuwa ta san su da shi ya kuɓuce musu.

Ga mafi yawan masu karatunmu giya ba abin sha ba ce, sai dai labarin ya shafi duk mai sana'ar da sunan garinsa ke sayar masa da kaya.

Asalin rikicin

A ƙasar Hungari akwai wani yanki mai suna Tokaj, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana yin giya mai zaƙi. A 1993 Turai ta ƙulla yarjejeniya da Hungari cewa sunan na yankin ne shi kaɗai. Mutanen Friuli suka garzaya kotu, suna cewa nasu sunan nau'in inabi ne, kuma giyarsu ba ta da zaƙi, don haka babu mai rikita su. A 2005 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba: sunan wuri yana gaba da sunan inabi.

Dole suka koma kiran giyar Friulano, wato "ta Friuli". Wasu manoman da ke bakin iyakar Sulobeniya kuwa suka juya haruffan Tokaj, suka raɗa wa tasu suna Jakot.

Ƙasar da abincinta

Friuli na tsakanin duwatsun Alps da tekun Adriatic, tana iyaka da Ostiriya da Sulobeniya. Inabin da ya fi daraja yana fitowa ne daga tuddan Collio da Colli Orientali, inda ake da wata ƙasa mai ɓarɓashi da suke kira ponca. Giyar tana da ɗan tsami, sannan tana barin ɗan ɗaci irin na 'ya'yan almon a baki.

Wannan ɗanɗano ne ya sa mutanen yankin ke haɗa ta da abinci mai maiƙo ko gishiri, domin tsamin na rage nauyin mai. A birnin Udine ana kawo ta da frico, wato cukun Montasio da ake soyawa da dankalin turawa da albasa har ya yi ɓawo. Ana kuma haɗa ta da busasshen naman alade na garin San Daniele. A Grado da ke bakin teku kuwa, abokin tafiyarta shi ne boreto, kifin da ake dafawa da tafarnuwa da masoro da binega, a ci da polenta, wadda kusan tuwon masara ce.

Darasin da suka ɗauka

Italiya ba ta bari a sake yi mata sakiyar da ba ruwa ba. A lokacin, Prosecco sunan inabi ne, don haka kowa na iya shuka shi a ƙasarsa ya yi amfani da sunan. Sai aka tuna cewa akwai wani ƙauye mai suna Prosecco kusa da Trieste, babban birnin yankin. A 2009 hukumomi suka sauya wa inabin suna zuwa Glera, suka mayar da Prosecco sunan yanki da ya haɗa larduna tara a Veneto da Friuli. Yau ana yin kwalba sama da miliyan 600 a shekara da wannan suna.

A 2021, da Kuroshiya ta nemi Turai ta amince da sunan tsohuwar giyarta mai zaƙi, Prošek, Italiya ce ta fara tayar da jijiyar wuya, tana cewa sunan ya yi kama da nata. Hujjar da Hungari ta kayar da ita da ita, ita ce ta ɗauko.