Wankin ƙoda ta ciki: yadda ake yin sa da abin da ya shafi ibada

'Yan'uwa Musulmi, idan aka ce wankin ƙoda, abin da yawancinmu muka sani shi ne na inji, wanda mara lafiya ke zuwa asibiti sau 3 a mako, a ja jininsa a tace har awa 4. Wanda ke nesa da babban birni kamar Yamai ya san nauyin wannan, ga kuɗin mota, ga masauki. To, akwai hanya ta biyu da ake yi a gida.

A cikin cikin ɗan Adam Allah ya shimfiɗa wani tantani mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, wanda ya lulluɓe hanji. Shi ake sa wa aikin ƙodar da ta gaza. Likita kan yi ƙaramin aiki ya dasa bututu mai taushi kusa da cibiya. Ta nan ake zuba ruwan magani kamar lita 2, mai ɗauke da sukari da gishiri, a bar shi awa 4 zuwa 6. Dattin jini yakan ratsa tantanin ya shiga ruwan, sukarin kuma ya jawo ruwan da ya yi wa jiki yawa. Sai a zubar a sa sabo, galibi sau 4 a yini. Akwai kuma ɗan injin da ke yin canjin da dare, mutum yana barci. Sudan ta buɗe shirinta na wannan wanki a Khartum a 2005.

Babban haɗarinsa shi ne ƙwayoyin cuta su bi bututun su shiga ciki. A nan muke so ɗalibai su lura sosai. Ruwan rijiya ko na buta yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa a shari'a, alwala ta inganta da shi, amma wannan bai sa ya kuɓuta daga ƙwayar cuta ba. Hukuncin fiƙihu daban, sharaɗin likita daban. A wanke hannu da sabulu, a rufe baki da hanci, a rufe taga saboda ƙura, musamman lokacin hunturu. Idan ruwan da ya fito ya gurɓace, ko ciki ya yi ciwo, ko zazzaɓi ya taso, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wajen wankan janaba, idan likita ya hana jiƙa wurin, a wanke sauran jiki a shafa a kan bandejin, kamar hukuncin ɗauri a kan karaya. Wanda sujada ke yi masa wuya ya yi salla yadda zai iya.

Azumi kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Madina a 2018, ta yanke cewa wankin ƙoda iri biyun yana karya shi, saboda ruwa da gishiri da sukarin da ke shiga jiki. Muna ganin masu tsallake canjin rana don su kai azumi, kuma wannan ganganci ne da rai. Rangwamen mara lafiya yana cikin Suratul Baƙara. Wanda ake sa ran zai iya, misali bayan dashen ƙoda, ya rama. Wanda likita ya tabbatar ba zai iya ba, ya ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana.