Hankaka da Dabarun Neman Abincinsa

Wannan bayani ne a kan hankaka, wanda Larabawa ke kira gurabu.

Malamai sun san ambatonsa cikin Suratul Ma'ida, aya ta 31, inda aka aiko shi yana tonon ƙasa domin ya nuna wa Ƙabila yadda zai binne ɗan'uwansa Habila. Watau ɗan Adam a wurin tsuntsu ya fara koyon kabari. Sun kuma san an lissafa shi cikin fasiƙai biyar waɗanda aka halatta wa mai harami ya kashe. Mahauta da masu shanyar kilishi kuwa ba su bukatar littafi kafin su gane dalilin wannan hukunci. Hankaka yakan sauka bisa rumfa ya yi kamar ba ruwansa, alhali kuwa idon mai nama yake tsaro. Da mutum ya juya zai ba da canji, sai tsoka ta tashi sama.

To, wannan tsaron ido shi ne asalin wayon danginsa duka. A shekarar 2001 waɗansu masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila suka jarraba wani ƙaramin ɗan'uwansa mai shuɗin gashi, mutumin Amurka, wanda al'adarsa ita ce ɓoye abinci domin gobe. Suka ba shi tsutsa, ya ɓoye, wani tsuntsu yana kallo. Da aka ɗauke mai kallon, sai ya koma ya tone ajiyarsa ya sake mata wuri. Amma fa ba kowanne ne ya yi haka ba, sai wanda shi da kansa ya taɓa sace ajiyar wani. Wanda bai taɓa sata ba ya bar kayansa inda ya sa su, zuciyarsa sake. Fatake da suka kwana zango da ɓarawo za su gane wannan magana ba tare da sharhi ba.

A birnin Sendai na ƙasar Japan hankaki sukan ɗauki jauzu, wani ɗan itace mai ɓawo kamar dutse, su ajiye bisa titi, mota ta taka, sa'an nan su sauko su tsince. Na tsibirin Sabuwar Kaledoniya kuwa ƙugiya suke sassaƙawa da tsinke, su zaƙulo tsutsa daga kogon itace.

Wanda ya saba jifansu ya kamata ya ji abin da ya auku a Siyatil ta Amurka a 2006. Masu bincike suka rufe fuska da wata fuskar roba, suka kama hankaki 7, suka sa musu alama a ƙafa, suka sake su. Bayan shekaru, duk wanda ya sa wannan fuska ya ratsa wurin sai su taru a kansa da kururuwa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Labari ya riga ya zaga a tsakaninsu.

Saura karin maganar da ake yi masa, hankaka mai da ɗan wani naka. A nan an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Hankakanmu mai farin ƙirji yana yin ƙwai nasa na kansa, cikin sheƙar ƙirare bisa dogon itace. Sai wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya, da ɗige-ɗigen fari a fiffike, wanda Turawa ke kiran danginsa kuku, ya faki idonsa ya zuba nasa ƙwan a ciki. Ɗan baƙon yakan riga 'yan gida ƙyanƙyashewa, ya fi su buɗe baki. Hankaka, wanda mahauci bai isa ya rinjaye shi da ido ba, sai ya wuni yana jigilar abinci daga kwata zuwa sheƙa, yana ɗura wa ɗan da ko kamarsa bai yi ba.